Jatau da Kwaron Tafki

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa.

Ta zo mu ji ta, Kaka.

Wani manomi ne, Jatau, mai zuciya a kusa. Yana da gonar waken rani a bakin tafki, da ruwan tafkin yake yi mata ban ruwa. Wata safiya ya tarar kwansunan wakensa sun motse, an huda su an tsotse. Ransa ya ɓaci, ya yi ta zage-zage.

Gizo kuwa ya daɗe yana kwaɗayin kifin tafkin nan, amma ragon banza ne, ba ya iya kwarfa. Ya matso ya nuna wa Jatau Kwaron Tafki yana iyo, ya ce ya dubi bakinsa, ai kamar allura yake. Ga ɓarawo nan.

Jatau ya ɗauko ƙwarya ya hau kwarfar ruwa don ya kama kwaron. Kwaron Tafki ya leƙo ya ce, "Malam, dubi ƙafafuna, na iyo ne, ba sa hawan kara." Jatau ya ce ya rufe masa baki.

Ruwa ya ja baya. Kwaron ya sake leƙowa, ya ce shi 'ya'yan sauro yake ci, bai san ɗanɗanon wake ba. Jatau ya watsa masa taɓo.

A karo na uku kwaron ya ce, "Mai cin waken ɗan'uwana ne, bakinmu ɗaya, amma shi kore ne, yana wari. Ɗaga ganye ka gani." Ina! Mai fushi ba ya da kunne. Jatau ya ci gaba har tafki ya koma caɓi.

Gizo ya cika buhu da kifi ya sulale. Kwaron Tafki ya buɗe fuffuke, ya tashi neman wani ruwan.

Jatau ya koma gona yana haki. Ya kama wani ganye zai goge hannu, sai wari ya buge shi. Ga Kwaron Wake zaune da 'ya'yansa, ciki fal, ko gezau bai yi ba. Ga kuma wake na neman ruwa, babu ko ɗigo. Gonar ta bushe ƙurmus, kuma wallahi ban ji tausayin Jatau ba.

To, kun ji, yara. Kamanni ba laifi ba ne. Kafin ku hukunta wani, ku duba da idonku, kada mai kwaɗayi ya ari fushinku.

Ƙungurus kan kusu, a tashi haka nan.