Kafinta da Tiren Autarsa

Akwai wani kafinta, gwani ne a sana'arsa, amma haƙuri bai ishe shi ba. Ba ya iya zuba ido ya ga wani yana lalube a aiki. Kafin ka yi kuskure ma ya karɓe abin daga hannunka.

Autarsa tana firamare malamarsu ta fara koya musu ƙere-ƙere. Ta ce kowa ya tattaro tarkacen gida a tire, su murfin kwalba, maɓalli, ƙusa da tsinken ashana, ya ware su yadda ya ga sun dace, ya kuma faɗi dalili. Ta haka yaro zai gane abin da ke riƙewa da abin da ke juyawa kafin ya haɗa wani abu da su.

Auta ta baje tirenta a falo. Ta ajiye sifirin na cikin biro kusa da robar ɗaure gashi.

Uban ya leƙo ya ce, "Me ya haɗa ƙarfe da roba?"

"Baba, ai duk in ka ja su komawa suke yi."

"Shirme! Ƙarfe da ƙarfe, roba da roba. Matsa can."

Nan da nan ya jera su tsaf kamar a shagonsa. Matarsa ta ce, "Haba Baban Auta, bar ta ta yi da kanta mana." Ya ce in aka biye mata a nan za a kwana. Haka aka yi ta yi duk shekarar. Aikin Auta ya fi na kowa kyau a aji, ita kuwa ta koma 'yar riƙe masa tire.

Ƙarshen shekara aka zo zaɓen yaran da za a ɗauka makarantar fasaha, wadda Auta ta daɗe tana mafarkinta. Aka ba kowane yaro tire, aka ce ya ware kayan ya haɗa 'yar mota mai tafiya. Iyaye suka tsaya a waje, bakin taga.

Yara suka duƙufa, wasu motocin a karkace, wasu da taya uku. Auta ta ɗauki murfin kwalba, ta dubi taga, ta ajiye. Ta ɗauki roba, ta sake duban taga. Kafinta yana ganin abin da ya kamata ta yi ƙiri-ƙiri, amma ba halin shiga. Tausayinta ya kama shi, ga shi ba abin da zai iya. Aka tashi tirenta yana nan yadda aka ba ta, ba a kuwa kira sunanta cikin waɗanda aka ɗauka ba.

A hanya ya ce, "Me ya hana ki gwadawa, uwata?"

Ta ce, "Ban san wanne ne daidai ba, Baba. Kai ne ka sani."



Darasi: yaro da hannunsa yake koyo, kuskurensa ma karatu ne. Duk wanda gaggawa ta sa yake yi wa ɗansa aikin da ya kamata ɗan ya yi, to ya tuna akwai ranar da za a bar shi a waje, yana kallo kawai.