Kurege da Irin Gyaɗar Inna Kande

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa da ni.

Ta zo mu ji ta, Kaka.

Wata tsohuwa ce ana ce mata Inna Kande, gidanta ne na ƙarshe a bakin gari. Ɗanta guda ya tafi cirani bai dawo ba, ga ciwon baya ya hana ta sunkuyawa. Abin da ta mallaka duk duniya gona ce a bayan gida, sai tukunyar irin gyaɗa da ta barbaɗa wa toka ta liƙe bakin da laka. Kun dai san ba a cin iri. Komai yunwa, sai ta kalli tukunyar nan ta kau da kai, don in iri ya ƙare ba ta da abincin baɗi.

Sai hadari ya fara haɗowa a gabas. Sai ta fasa liƙin, ta zauna ƙofar gida tana ɓare gyaɗa, tana tunanin wanda zai shuka mata. Kowa na fama da tasa gonar.

Sai ga Kurege, wutsiya a sama, gaisuwa har da durƙuso. Shi kuwa wannan Kurege, in ya gaishe ka da ladabi, to ka duba kayanka. Ya ce ai irin bana duk ya mutu a garin, amma shi hancinsa na gane mai rai da matacce. Inna Kande ta tsorata. Sai ta cika masa ƙoƙo ya je gida ya sansana.

Washegari sai ya dawo da ƙoƙo ba komai. Ya ce irin da sauran rai, amma ya yi laushi, sai an kai wani ƙoƙon an gwada su. Sai ta sake cika masa.

Rana ta uku sai ya zo har da hawayensa.

Ya ce, "Inna, irin nan kewar 'yan'uwansa yake. In ba su kwana wuri ɗaya ba, ko ɗaya ba zai tsira ba."

Ta ce, "Allah sarki! To kai musu sauran, ɗan nan."

Ta juye masa har da na gindin tukunya. Tun daga nan ko wutsiyarsa ba ta sake gani ba. Da ruwan shuka ya sauka, mutane suka fita da sungumi, ita kuwa ta zauna ta rungume tukunya tana kuka. Kunya ma ta hana ta gaya wa kowa.

Ashe Kurege ya ci har cikinsa ya yi tim, gyaɗa ba ta ƙare ba. Sai tsoro ya kama shi kada maƙwabciyarsa Gafiya ta sace masa. Sai ya ce ba zai tara a rami ɗaya ba. Ya nemi gonar da ba mai shiga, ya ga ba wadda ta kai ta Inna Kande. Sai ya yi ta tonawa yana binne ɗaya-ɗaya, taki guda tsakani, har ya game gonar.

Bayan kwana bakwai, Inna Kande ta ji ana rusa kuka a bayan gida. Ta dogara sanda ta leƙa. Sai ta ga gonarta kore shar, ga Kurege a tsakiya yana birgima.

Ya ce, "Inna, an yi mini sammu! Gyaɗar da na ɓoye duk ta yi ganye."

Ta ce, "Wace gyaɗa?"

Sai ya kama bakinsa, sai ya ruga. Inna Kande ta zauna a gefen gona, tana dariya tana share hawaye, tana ta yi wa Allah godiya.

Maƙwabcinta Tanko da ya ji labari ya ce bari ya saki karnukansa. Ta ce ko kusa, wanda ya taɓa Kurege ita ya taɓa. Mutane kuwa da suka ga shuka ta tsira, sai suka yi mata gayya suka nome gonar.

Lokacin kaka ya yi, gyaɗa ta yi 'ya'ya kamar me. Ranar cira ta ce a bar mata kusurwar gabas kada a taɓa. Sai ta yi kiran Kurege sau uku. Yana tsammanin tarko ne, sai hancinsa kawai ya fito daga rami.

Ta ce, "Wannan naka ne. Na gode, ɗan nan."

Ya ce, "Inna, ni fa sata na yi."

Ta ce, "Na sani. Amma bayana ya ƙi sunkuyawa, naka ya sunkuya."

Kurege ya nemi ƙaryar da zai yi ya rasa. Tun da aka haife shi ba wanda ya taɓa ce masa an gode. Sai ya fito gaba ɗaya, ya durƙusa, wannan karon da gaske.

Kurunkus kan kusu. Ba don Kurege ba da tukunyar Inna Kande ta kwana ba iri. Ku ma in alheri ya zo muku, ko ta hannun wa ya biyo, ku ce kun gode.