Jatau da Kururun Kanya

Tun zamanin da giwa ke kiwo a inda yau ake noman dawa, wani maharbi mai suna Jatau ya sauka a dajin gabas da matarsa Tabawa da 'yarsu Delu. Kirarinsa kuwa shi ne: Jatau na Tabawa, kibiya ɗaya nama ɗaya. 'Ya'ya uku suka binne a garinsu na da, Delu kaɗai ta rage musu.

Kusa da bukkarsu akwai tsohuwar kanya mai kogo, inda ƙananan mujiyoyi biyu ke zaune, irin waɗanda ake kira kururu. Tsuntsun bai kai dunƙulen hannu ba. Da rana yakan manne da itace ya lumshe ido, sai ka rantse guntun reshe ne. Da magariba namijin ya yi kira, macen ta amsa, su fita kamun gyare da fara.

Da damina ta biyu zazzaɓi ya kwantar da Delu. Mutanen wancan lokaci sun yarda cewa kukan mujiya kiran yaro ne zuwa kabari.

"Maigida," in ji Tabawa, "tsuntsun nan 'yata yake kira. Kana da baka, kana zaune?"

Jatau ya san daji, ya san kukan nan ya riga ciwon zuwa. Amma tsoro ya fi saninsa ƙarfi. Da hantsi ya bi hayaniyar ƙananan tsuntsaye da ke tsokanar kururu, ya saki kibiya. Macen ta faɗo. Da ya leƙa kogon, ya tarar da ƙwai uku da ɗuminsu.

Bayan kwana biyu Delu ta rasu.

Namijin ya ci gaba da kira kowace magariba, babu mai amsawa. Tsofaffi sun ce shekara bakwai ya yi a haka. Baƙin ciki ya karya Jatau, ya rataye bakansa, ya ƙi tashi daga wurin. Baƙi suka yi ta zuwa suna kafa gidaje kusa da shi, har wurin ya zama Tungar Kanya.

Har yau a garin ba a jifan kururu, ba a kuma sare itace mai kogo sai an leƙa ciki. In yaro na kwance, uwa ta ji kukan ta firgita, akan gaya mata abin da Jatau ya gaya wa Tabawa a bakin kabarin Delu:

"Ba tamu yake kira ba. Tasa yake kira, ni kuwa na kashe ta."