Rakiyar da Ta Toshe Bututun Saƙo

Dalilin da ya sa maƙeran tauraron ɗan Adam suke ƙarta cikin bututun saƙo, su bar shi da ramuka, ku matso ku ji.

A da cikinsa sumul yake kamar faranti. Bututun jan ƙarfe ne, can sama inda babu iska, kuma ta cikinsa Inna Igiya, wato igiyar rediyo, take wucewa ɗauke da muryoyin mutane. A bangonsa akwai 'yan lantarki, ƙanana da ido ba ya gani, kowa a ɗakinsa. Ɗaya daga cikinsu, Ɗanƙyas, kaɗaici ya ishe shi. Tun da yake, ba wanda ya taɓa yi masa sallama.

Wata rana ya tare Igiya. "Inna, don Allah ki tsallakar da ni bangon can, in ga ko da mutane."

"Ɗana, saƙo nake ɗauke da shi," in ji ta. "Gwaggo Ladingo na can Gumel, waya a kunne, tana jiran muryar ɗanta Jatau. Amma tafiyata rangaji ce, dama da hagu. Kama zanena."

Ta wurga shi, ya bugi bangon da ƙarfi. "Salamu alaikum!"

Sai ga 'yan lantarki biyu sun fito. Ɗanƙyas ya ji daɗi ƙwarai. Da Igiya ta karkato zai koma, suka ce, "Haba, baƙo ya tafi ba rakiya? Mu taka maka."

To, kun san halinmu da rakiya. Da suka iso bangonsa, kowane ɗan rakiya ya zama baƙo, shi ma biyu suka fito raka shi. Waɗannan suka raka waɗancan, waɗancan suka rako waɗannan, ba wanda ya yarda a fi shi kirki. Kafin ƙiftawar ido bututu ya cika maƙil, ya ɗau zafi, yana walƙiya.

"Ku ba ni hanya!" Igiya ta yi ihu. Ina! Ƙarfinta duk ya ƙare a ɗaukar 'yan rakiya. Muryar ta narke a hannunta. Gwaggo Ladingo ta yi ta cewa, "Jatau? Jatau, kana ji na?" har ta gaji ta ajiye wayar.

Da maƙera suka gano abin da ya faru, sai suka ƙarta bangon wannan bututu da na sababbi, rami kusa da rami. Wanda duk ya yi tsalle, rami zai faɗa, masu fitowa rakiya kuma ba su iya haurowa.

Shi ya sa har yau ake ƙarta bututun, muryoyi suna isa gida lafiya. Ɗanƙyas kuwa yana ƙasan raminsa, abin tausayi. Duk gaisuwar duniya ta kansa take wucewa, babu ko ɗaya tasa.