Ramuwar Gayya

Ga ta nan, ga ta nanku!

Ta zo, kunnuwanmu na jira.

Wata damina Zabi suka yi wa Birai gayya, suka nome musu gona tas. Sarkin Birai ya kira Hankaka ya ce, "Je ka gaya wa Zabi gobe muna tafe da fartanyu, mu rama musu gayyar da suka yi mana."

Hankaka ya ga saƙon ya yi tsawo, ya datse shi. Ya sauka a garin Zabi ya ce, "Birai na tafe ramuwar gayya!"

Zabi suka ce, "Ramuwa? Laifin me muka yi musu?"

Wata tsohuwar Zabuwa ta ce, "'Ya'yana, a aika a tambaya mana."

Samari suka ce, "Haba Iya, mai zuwa kashe ka ake tambaya? Ƙila sun gano gyaɗar da muka tona musu."

Da safe sai ga Birai da kiɗa, fartanyu a kafaɗa.

Samarin Zabi suka ce, "Kun gani? Har da gangar yaƙi!"

Zabi suka auka musu, suka tsone idon makaɗi. Birai suka fusata, suka farfasa ƙwan Zabi kaf. Gonar Zabi kuwa ciyawa ta cinye ta.

Shi ya sa har yau Zabuwa ke ɓoye ƙwanta a daji. Hankaka fa? Yana yawo da farin ƙirji, ba wanda ya tuhume shi. A kamo shi ya maimaita saƙon nan, kalma bayan kalma!

Ƙurunƙus, kan ɓera ya faɗa tukunya.