Ranar da Aka Mai da Baba Ɗantani Gida

Ku gyara zama, ta yau sai kun yi mini alƙalanci.

An yi wani manomi, Baba Ɗantani, wanda tun rasuwar matarsa ƙirjinsa ke yi masa nauyi. Abin da ya rage masa na daɗin duniya shi ne dara da amininsa Malam Jatau a gindin tsamiya, suna yi suna zargin juna da maguɗi. Rannan yana cikin sharar gona ya yanke jiki ya faɗi.

Babban ɗansa Sallau ne ya garzaya da shi asibitin birni. Ba don shi ba, da tuni an yi sadakar bakwai. Likita ya ce ciwon zuciya ne, kada ya ji abin tashin hankali. Sallau ya ajiye shi a gidansa, ya ce noma ya ƙare. Tsoho ya koma wuni a ɗaki mai fanka, ba wanda zai yi wa tsiya.

Ana nan sai Malam Jatau ya rasu. Kande, 'yar Baba Ɗantani da ke jinyarsa, ta tuna maganar likita, ta hana kowa ya faɗa. In ya tambayi labarin Jatau sai ta ce, "Yana gaishe ka, Baba." Shi kuwa abin na cinsa: aminin ƙuruciya, amma ko leƙowa babu? Ya rage cin abinci, ya rage magana.

Autansu Barau ya ga uban yana ƙarewa. Ya ce, "Yaya Kande, ba ƙwaya Baba yake nema ba, gida yake nema." Ya sa shi a mota zai mai da shi gida, da niyyar faɗa masa rasuwar a hanya, a hankali. Amma da ya ga tsoho yana dariya, yana cika bakin yadda zai lallasa Jatau, sai ya fasa faɗa masa.

Suna sauka mutanen gari suka taso suka tsuguna. "Baba, ya haƙuri? Allah ya jiƙan Malam Jatau."

Tsoho ya dubi Barau, ya dafe ƙirji, ya zauna a ƙasa. Bai sake tashi ba.

Kwana ya ƙare, wannan mun sani. Amma ukun nan, da ba wanda bai so shi ba a cikinsu, har yau ba sa iya haɗa ido, kuma ina jin tausayinsu. To, tsakanin wanda ya raba shi da gida, da wadda ta ɓoye masa, da wanda ya mai da shi, wa ya kamata ya fara cewa "ku yafe mini"?