Watandar Jatau da Baƙinsa Biyar

Wani ya tsaya gaban allo ya ce muku wai haka lissafi yake tun fil'azal. Ƙarya yake yi, kuma ya san da shi nake! Ku matso, yara, ku ji ainihin dalilin da ya sa ɗaya bisa takwas bai kai ɗaya bisa uku ba, alhali takwas ta fi uku.

A da can ba haka abin yake ba. In aka yi watanda, wato mutane suka haɗu suka yanka saniya don su raba, gindin wata tsamiya ake kasa naman. Mahauci zai kira sunan kowa da ƙarfi, kowane suna ya kira sai mutanen ɓoye da ke tsamiyar su ƙara nama a kan kowane kashi. Saboda haka kason mutum takwas ya fi na mutum uku tudu.

To, akwai wani mahauci, Jatau, idonsa ba ya cika. Wata rana su uku kacal suka yi watanda: shi, da Bawa makaho, da Kande mai koko. Jatau ya dubi kashi uku ya ga ba su yi masa ba, sai ya sake kasa naman gida takwas.

Kande ta ce, "Kai Jatau, sauran biyar ɗin na uban wa ne?"

Ya ce, "Yi shiru, Inna. Suna kawai ake so, wa zai bincika?"

Ya ɗaga murya ya kira sunayen mutum biyar da suka daɗe a kushewa, har da na mahaifinsa.

Rana tsaka ce, amma tsuntsaye suka yi tsit. Naman bai ƙaru ba. Bawa ya karkata kunne ya ce, "Su wa ke tafe haka, ba na jin numfashinsu?"

Ga su nan a jere, ƙafafu duk jar ƙasa, babu mai inuwa. Kowa ya durƙusa ya kwashe kashi guda. Na ƙarshe ya tsaya dab da Jatau, sanyi na fita daga jikinsa.

"Ka kira ni, ɗana, na zo. Daga yau duk wanda aka ƙirga, sai ya ci."

Suka koma ƙasa da rabonsu. Jatau ya dubi nasa, ɗan abin da bai cika tafi biyu ba. Bai ƙara iya riƙe wuƙa ba har ya mutu. Mutanen tsamiya kuwa ba su sake ƙara wa kowa ko tsoka ba.

Shi ya sa har yau, in kun ja layin nan a allo, lambar da ke ƙarƙashinsa bakuna ne masu jiran rabo. Suna yawa, naka na ƙanƙancewa. Mai musu ya ɗauko ƙosai guda, ya kira mutum takwas, ya zo ya gaya mini ya ƙoshi!